Wa zai zuba wa motar asibiti mai?

Duk wanda ya taɓa kwana da mace mai doguwar naƙuda, ko ya tsaya kan wanda mota ta buge a bakin titi, ya san cewa tambayar farko da ake yi masa in ya nemi motar asibiti ita ce ko yana da kuɗin mai. In babu, sai ya koma neman mai Keke Napep ko a-kori-kura, alhali jini na zuba, lokaci na tafiya.

Masu ɗaukar majinyaci a ƙasar nan iri uku ne. Akwai motar gwamnati, wadda a takarda kyauta ce ko kusa da kyauta, amma sau da yawa sai a iske ta a kafe a harabar asibiti, ba mai, ba taya, ko direba ya tashi aiki. Akwai ta asibitocin kuɗi da kamfanoni, mai iskar oksijin da ma'aikacin jinya a ciki, wadda ke caji gwargwadon nisan tafiya, kuɗin da talaka ba ya ko tunkara. Sai kuma direban tasha, wanda ya fi kowa araha, ya fi kowa kusa, amma ba shi da komai a motarsa sai kujera.

Mai doki ya san ba sayensa ne aiki ba, harawarsa ce. Haka motar asibiti take. Sau ɗaya ake sayenta, amma kullum tana cin mai da gyara da albashin direba da na ma'aikata dare da rana, ko an kira ta ko ba a kira ba. Mahukunta kuwa sun fi son saye, saboda a nan ne ake ba da kwangila, a yi biki, a manna hoton mai girma a jikin mota. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024, nauyin ya ƙara komawa wuyan mai majinyaci.

To ina tallafin yake? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa. Ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ta ce kashi 5 cikin 100 na wannan ɗin ne na taimakon gaggawa. A taƙaice, kwabo 5 ke nan cikin kowace Naira 100. Wannan ɗin ma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Sai a 2022 aka ƙaddamar da shirin NEMSAS a Abuja, wanda aka tsara ya riƙa biyan motocin gwamnati da na 'yan kasuwa kuɗin ɗauko majinyaci, tare da jinyar awa 48 na farko kyauta.

Tsarin biyan wanda ya yi aikin tsari ne mai kyau, a yaba masa. Abin tambaya a nan shi ne, mutum nawa a ƙauye suka san da shi? Wanda kuma ya kira lamba 112 da tsakar dare daga inda babu kwalta, wa zai zo masa?

Ƙauye ya daɗe da samo tasa dabarar. Fiye da shekara 10 da suka wuce, a jihohin Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti kan kuɗin mai kawai, ladansu a tasha shi ne a ba su lodi ba tare da bin layi ba. Waɗannan bayin Allah sun ceci rayuka da tsofaffin motocinsu, a daidai lokacin da sababbi ke ruɓewa a harabar ma'aikatu.

Saboda haka wajibi ne tallafi ya bi majinyaci, a biya duk wanda ya kai shi asibiti, ko na gwamnati ne, ko ɗan kasuwa, ko direban tasha, a kuma biya a kan lokaci. Kowace jiha ta buga farashin da ta amince da shi a ƙofar asibiti da Hausa, ta bayyana nawa ta karɓa, tafiya nawa aka yi da shi. Kada a ƙara sayen mota sai an ware kuɗin mai da gyaranta na shekara.

Jama'ar unguwanni da ƙauyuka su ma kada su naɗe hannu. Asusun gaggawa na ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako, da lambar direba biyu ko uku a hannun mai unguwa, ya fi ihu bayan hari. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.