Karatun Littafi Mai Tsarki A Gaban Jama'a

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa muna so mu ajiye ta gaban malaman makaranta da ma'aikatan ofis, musamman mabiya addinin Kirista, gama su ne aka fi miƙa wa Littafi Mai Tsarki ran Lahadi a ce su karanta wa jama'a. Maganar ita ce, karatun Hausa da ake yi a majami'u da yawa ya raunana ƙwarai. Mutum zai miƙe tsaye, ga shi ya ƙare kwaleji, ya buɗe sura, sai a ji yana tuntuɓe bisa kalmomi, yana tsayawa inda magana ba ta ƙare ba, yana wucewa a guje inda ya kamata ya numfasa. Jama'a su ce amin don ladabi. Amma in aka tambayi tsohuwar da ke zaune can baya abin da aka karanta, ba ta riƙe kome ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Littafin nan bai zo hannunsu da sauƙi ba. Tun a 1857 wani Bajamushe mai suna Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, yawancin Hausarsa daga bakin Dorugu ya samo ta, yaron nan da Barth ya tafi da shi Ingila. A 1900 Likita Mila ya zo Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu bai yarda su zauna ba. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, ya yi shekara da shekaru yana auna kalma da kalma, shi da abokan aikinsa da Hausawan da suka taimake su, kafin cikakken Littafi ya fito a 1932. Daga baya aka sake zama aka yi sabuwar fassara, ta fito a 1979. Duk wahalan nan an sha ta ne domin abu guda, watau manomi da matarsa su ji maganar da harshen da suka sani.

Su wa ke sauraro? Birom ne da Angas a Filato, Tangale a Kaltungo da Billiri, Bura wajen Garkida, Bajju da Atyap a kudancin Kaduna, da Hausawan Wusasa da na ƙauyukan Kano da Katsina. Da yawansu Hausa ba harshen uwa ba ne a gare su, harshen kasuwa ne da na sujada, shi ne ya haɗa su a ɗaki ɗaya. Tsofaffi da dama a cikinsu ba su iya karatu ba. Abin da ya shiga kunnensu ran Lahadi, shi ne guzurinsu na mako. Kadan mai karatu ya ɓata shi, ba su da inda za su duba su gyara.

To, mun sani karatun Boko yana da tarko, kuma nan ne muke so malamai su tsaya su lura. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya ne. Haka kukan makoki da kukar miya. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ɗan guntun nan "ya". A rubuta "ya tashi". In an ja shi, labari ne, abin ya riga ya faru. In an gajarta shi aka saukar da murya, umurni ne ko fata. Ga Kirista ran bikin Ista, tsakanin waɗannan biyu akwai nisan sama da ƙasa, gama ɗaya shaida ce, ɗaya kuwa roƙo. Wasu bugu na baya suna sa 'yar alama a kan wasalin don rarrabewa, amma me alama za ta yi wa wanda ba a koya masa ita ba? Sa'an nan ga masu buga takardun tsarin sujada da ke zubar da ƙugiyar haruffa saboda gaggawa, har "ɗa" ya koma "da", "ƙasa" ta koma "kasa". Wannan laifin akawu ne, kuma muna faɗa musu kai tsaye.

Ma'anar jimla ce kaɗai ke gaya wa mai karatu yadda zai furta kalma. Saboda haka wanda bai fahimci sura tun a gida ba, ba shi yiwuwa ya karanta ta daidai a gaban mutane, kome iliminsa.

Littafin da kansa ya nuna hanya. Cikin Nehemiya sura 8, sa'ad da Ezra ya karanta Shari'a a dandalin Ƙofar Ruwa a Urushalima, tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna nan suna bayyana wa mutane ma'ana, har jama'a suka yi kuka don sun gane. Cikin Ayyukan Manzanni sura 8, ma'ajin sarauniyar Habasha yana karanta Annabi Ishaya cikin karusarsa, babban ma'aikaci ne mai ilimi, duk da haka tambayar da Filibus ya fara yi masa a kan fahimta ce. Bulus ma ya gargaɗi Timoti ya lazimci karanta Nassi ga jama'a, ya jera shi tare da wa'azi da koyarwa. Ashe karatun ba share fage ba ne kafin mai wa'azi ya hau, yadda wasu suka mai da shi.

A nan maƙwabta suna da abin koyi. Almajirin makarantar allo ba ya wanke allonsa sai malam ya biya masa, ya kuma ji ya karanta daidai. Ba mu ga abin da zai hana dattawan ikilisiya yin irin wannan tsanani ba.

Wasu za su ce a bar Hausa mana, a koma Turanci, tun da yaran yanzu shi suka fi gani a makaranta. A manyan birane ana yin sujada da Turanci, ba mu da ja a kan wannan. Wasu kabilu kuma sun sami Littafi da harshensu, madalla. Amma a ƙauyen da kabila uku ke zama a benci ɗaya, Turanci zai bar rabin ɗaki a waje, rabin da aka bari kuwa su ne iyaye mata da tsofaffi.

Babban nauyi a wuyanmu yake, mu ma'aikatan ilimi. Yaron da ba a taɓa sa shi ya karanta Hausa da ƙarfi a aji ba, shi ne gobe zai miƙe a majami'a. Muna roƙon kwalejojin horon malamai su mai da karatu a bayyane darasi na kowane mako, ɗalibi ya tsaya ya karanta shafi guda, 'yan'uwansa su rufe littattafansu su faɗi abin da suka ji. Su kuma fastoci, a daina miƙa wa mutum sura a bakin ƙofa da safiyar Lahadi. A ba shi ita tun ran Laraba, ya karanta wa iyalinsa a addu'ar dare, ran Asabar ya zo ya biya gaban dattijo ɗaya, sa'an nan a bar shi ya hau.