Ruwa Ba Katifa Ba Ne

A gaɓar teku a kudancin Ingila akwai wani dutse mai kama da ƙofa, sunansa Durdle Door. Malamai sukan kai ɗalibai can su koyi ilmin duwatsu. A irin wannan tafiya ba a rasa yaron da abokai za su zuga, su ce, in ya isa ya yi tsalle cikin teku.

A watan Mayu na 2020 mutum 3 masu yawon shan iska suka yi tsalle daga dutsen nan, suka ji mummunan rauni.

Ga dalili. Wanda ya faɗo daga mita 20, gudunsa yakan kai kilomita 70 a awa, ruwa kuwa ya buge shi kamar daɓe. Kuma igiyar ruwa ce take cin dutsen, ɓaraguzan da suka zube suna kwance a ƙarƙashi, ido ba ya ganinsu. Ɗalibin da ya gane darasinsa ya san haka.

Iyaye, ku gaya wa yaranku tun a gida, ƙin zuga ba tsoro ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.