A Rubuta Abin Da Masu Fita Suka Gani

Akwai wata al'ada da ta shigo makarantun sakandare na ƙasar Daura, har ta kai ga ƙananan makarantu na ƙauyukan Zango, watau taron sallamar ɗalibai. In an ƙare jarrabawar fita, wajen watan Yuli, sa'ad da gero ya fara rufe ƙasa, sai a kafa rumfa, a aro kujeru, a kira hakimi ko wakilinsa, da dagatai, da iyayen yara. Shugaban makaranta ya yi jawabi, babban baƙo ya yi nasa, a ba na ɗaya da na biyu da na uku kyauta. Can da rana ta take, mutane sun fara duban hanya, sa'an nan a kira shugaban ɗalibai ya karanta takarda da Turanci a madadin 'yan ajinsa. Takardan nan kuwa kowa ya sani ba shi ya rubuta ba, wani malami ne ya rubuta masa, ko kuwa ta bara ce aka sake wa kwanan wata. Ba kome cikinta sai godiya da neman gafara. A tafa, a sha lemo, a ɗauki hoto, a watse.

Ba mu ƙi godiya ba, yaron da ba ya gode wa malaminsa ai bai yi karatu ba tukuna. Amma muna gani ana asarar wani abu mai daraja a ranan nan. Malami ya kan zo ya yi shekara biyu a canja shi. Mai duba makarantu ya kan zo da hantsi, kafin azahar ya hau mota. Yaran nan su ne suka shekara 6 suna zama bisa bencin, tun daga aji ɗaya har aji shida, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sabo da haka ra'ayinmu shi ne, ko wace makaranta, kome ƙanƙantarta, ta sa masu fita su rubuta abin da suka gani a shekarunsu, da Hausa, da hannunsu, a ɗinke, a ajiye, a riƙa karantawa.

Abin da ya kai mu ga wannan ra'ayi shi ne hirar da muka ji sa'ad da Kwaleji ta aika da mu ƙasar Zango gwajin koyarwa. In 'yan aji shida sun fito daga ɗakin jarrabawa su kan zauna gindin darbejiya suna tuna baya, mu kuwa da ya ke ba mu girme su da yawa ba, ba su jin nauyinmu kamar yadda su ke jin na manyan malamai. To, dubi shekarun da suka ratsa. Ajin da ya fita a 2025 ya shiga ne a ƙarshen daminar 2019, bayan Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na shekaran nan. Wanda ke Legas ya ji labari ne a rediyo, amma yaron Zango, wanda ubansa ke kai kaya Magariya, ko kakarsa ke zaune a ƙasar Damagaram, a tukunyar gidansu ya gani. Ba su gama aji ɗaya ba cutar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka yi wata da watanni a gida. An ce a bi darasi ta rediyo da talabijin da intanet, su kuwa gona suka tafi. Da aka komo ba a daɗe ba, cikin Disamba, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙanƙara da nisa daga Zango, an kuma sako yaran bayan kwana 6, amma aka rufe makarantun kwana na jihar, tsoro kuma ya shiga zukatan iyaye har inda ɗan bindiga bai taɓa takawa ba. Suna aji huɗu aka yi ƙarancin takardun Naira, farkon 2023. A watan Mayu aka janye tallafin mai, kuɗin babur ya gagari mai zuwa daga nesa. A watan Agusta aka sake rufe iyaka sabo da juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024.

Duk wannan yana cikin jaridu, ko ba mu faɗa ba. Abin da ba ya cikin ko wace jarida shi ne yadda ya sauka a kan yaro mai shekara 13. Wani ya gaya mana bayan hutun korona ya komo ya tarar ya manta rabawa, ya ji kunyar faɗa, har ya kai aji shida yana ɓoye wannan rami, kome aka gina a kansa sai ya rufta. Wata ta ce ba ta san daɗin kimiyya ba sai da aka kawo musu wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu, ba ya jin Hausa ko ta sayen ƙosai, amma ya zo da gilashin ƙara girma ya nuna musu fatar albasa, suka ga ashe ɗakuna ne a jere kamar tubali. Ya yi shekara guda ya tafi, ba a aiko da wani ba. Sun tuna shekarar da iska ta yaye kwanon ajinsu, aka haɗa su da wani aji, mutum huɗu bisa bencin mutum biyu. Sun tuna ranar da ruwan shuka ya sauka ana gobe jarrabawa, ko wanne ya raba dare tsakanin littafi da ƙwaryar iri. Sun tuna kuma, da dariya har da hawaye, ranar da aka kai su birni jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2015 ba a yin ta sai da kwamfuta, alhali waɗansunsu ba su taɓa ɗora yatsa bisa kwamfuta ba sai a makon nan. Ya kai mai karatu, in kai ne shugaban makarantan nan, ko mai rabon malamai a ofishin ilmi, wace takarda ce za ta fi wannan hira amfani gare ka?

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, in hirar ta yi nisa sai ta koma kiran sunayen waɗanda ba su nan. Ina wane? Ya tafi cirani Kano tun muna aji uku, ya ce zai komo da damina, bai komo ba. Ina wane? Yana acaɓa a Abuja. Wane kuma an ce ya bi ta Agadas. Ina wance, wadda ta fi mu duka lissafi? An ɗaura mata aure da hutun aji huɗu. Su kan lissafa su ɗaya ɗaya, har da wurin zaman ko wanne cikin aji, da dalilin tafiyarsa. Rajistar makaranta ba ta san dalili ba, abin da ta sani a ja layi bisa suna. Ranar taro kuwa ba mai ambatonsu, sai ka ce ba a taɓa yin su ba. Ana yaba wa makaranta bisa yawan waɗanda suka ci jarrabawa cikin waɗanda suka zauna, ba mai tambaya nawa suka shiga aji ɗaya. Wannan kamar manomi ne ya auna damman da suka iso rumbu, ya ƙi tambayar waɗanda suka zube a hanya. Tun 1976 aka yi shelar ilmin firamare kyauta ga kowa, a 2004 aka kafa doka cewa ko wane yaro tilas ya yi shekara 9 a makaranta, watau har ƙarshen aji uku na sakandare. Ko dokar ta isa 'Yardaje da Rogogo da Garni, ko kuwa ta tsaya a hanya, 'yan aji shida sun fi kowa sani, gama abokan zamansu ne suka ɓace. In an ba su takarda, shafin farko da za su cika ke nan.

Mutumin Zango bai kamata a yi masa dogon bayani a kan amfanin riƙe labari ba. Bayan jihadi, da sarautar Daura ta fita daga hannun gidan da ya ke riƙe da ita, a Zango zuriyar gidan suka kafa zama, suka daɗe a can suna riƙe da sunayen kakanninsu da jerin sarautunsu, har 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa Daura. Da sun bar labarinsu ya bi iska, da me za su kafa hujja? Daga baya wani masani, M. G. Smith, ya zo ya zauna da dattawan ƙasar, ya ji daga bakinsu, ya yi babban littafi a kan al'amuran Daura wanda ya fito a 1978. Littafin da Turanci ya ke, a Amurka aka buga shi, jikokin dattawan nan kaɗan ne suka taɓa ganin ko bangonsa. Labarin sarakuna ya sami masu riƙe shi. Labarin yadda ilmin zamani ya shiga ƙauyukanmu, wa ya karɓa, wa ya ƙi, wa ya fara ya kasa, shi ne ba mu ga mai riƙe shi ba. Je ka ƙaramar makaranta ka tambayi yadda ta ke shekara 20 da suka wuce, sai a nuna maka maigadi, in Allah ya sa yana da rai.

Mu da muka fara da makarantar allo mun san ba haka a ke sallama a can ba. Mai sauka shi ke karatu da bakinsa gaban jama'a, ba a karanta masa. Ana yi masa allon zayyana, ya zaga da shi gidajen dangi, a ajiye shi a ɗaki shekara da shekaru. Kowa ya gani ya san wane ya yi karatu, a wurin wane. Ɗan sakandare fa, me ya bari? Rigar da abokai suka ɓata da alƙalami, da hoto cikin waya, wayar kuwa baɗi ta lalace.

Mun san za a yi mana musu. Waɗansu malamai za su ce, yaro ne zai auna malaminsa? Wannan ai rashin kunya za a koya musu. Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba, don mu ma gobe za mu tsaya gaban allo, ba kuwa mai son a rubuta sunansa cikin littafi a ce ya kan zo aji a makare. Amma akwai magani. A kafa sharaɗi, in yabo ne a faɗi suna, in kuka ne a faɗi abin da ya faru a bar suna. Yaro ya rubuta cewa sun yi zango biyu ba malamin lissafi, wannan ba zagi ba ne, shaida ce. Mun kuma lura, yaran sun fi manya adalci. Malamin da ya fi kowa bulala, in dai yana shiga aji yana koyarwa, shi suka fi ambato da alheri. Wanda ba su yafe wa ba shi ne mai ba shugaban aji littafi ya kwafe bisa allo, shi kuwa ya tafi inuwa.

Waɗansu kuma za su ce, in za a yi, a yi da Turanci, don shi ne harshen jarrabawa. Mu kuwa mun gwada duka biyu a aji. Ka ce yaro ya rubuta labarin makarantarsa da Turanci, sai ya kawo maka abin da ya haddace, makarantarmu babba ce, tana da kyau, ina son ta. Ka ce ya rubuta da Hausa, sai ka ga mutum ya fito. Kada kuma wani ya ce ƙasƙanci ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 ta shahara wajen koyar da Turanci, duk da haka, da Dokta East ya nemi malamai su rubuta littattafan hira a 1933, ɗalibanta ne, Malam Abubakar Imam da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka kawo Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, da Hausa. Turancinsu bai ragu ba don wannan. Wanda ya ke so ya juya nasa da Turanci daga baya, ga aikin fassara ya samu, riba biyu.

Batun kuɗi kuwa bai kai a tsaya a kansa ba. Kuɗin hayar rumfa na yini guda ya isa sayen takarda da zare da bangon kwali.

Ga yadda mu ke gani a yi. Tsakanin jarrabawar WAEC da ta NECO, ko bayansu kafin taro, akwai kwanaki da 'yan aji shida ke zuwa makaranta ba aikin fari ba na baƙi. A ware kwana biyu. Ko wane ɗalibi ya rubuta shafi biyu ko uku, ba maki, ba jan alƙalami. Sa'an nan ajin ya taru ya rubuta sunayen dukan waɗanda suka fara tare, da inda ko wanne ya ke, gwargwadon abin da ba zai tona asirin gidan kowa ba. 'Yan mata su yi nasu zaman dabam tare da malama, don mun ga in an haɗa su da maza ba su buɗa baki, alhali su ne labarinsu ya fi ɓacewa. A ɗinke duka, a rubuta shekara bisa bango. Ranar taro, maimakon takardar bara, a zaɓi uku ko huɗu masu su su karanta gaban iyaye, cikin harshen da iyayen ke ji. Kwafi ɗaya ya zauna ofishin shugaba, ɗaya a kai wa hakimi, don shugaba ana canja shi, akwati kuma gara na ci. Sabon malami kuwa, ko ɗan gwaji irinmu, ranar da ya iso, kafin a ba shi alli, a miƙa masa na shekara uku da suka wuce, a ce ya karanta tukuna.