Taliya Ta Sake Suna

Wani ɗan ƙanena da ke aiki a Kano ya matsa mini, wai sai ya kai ni cin abinci wani sabon wuri da aka buɗe a Gyadi-Gyadi. Ran wata Asabar da hantsi muka tafi. Ba zan faɗi sunan wurin ba, gama ba da mai shi na ke faɗa ba, kuma irinsa sun yawaita, tun daga Titin Kotu har Titin Gidan Zu, har ka zagaya cikin Tarauni. Ɗaki ne madaidaici mai tebura kamar takwas, an share shi tas, ga sanyin na'ura, ga samari da 'yan mata kowa ya sunkuya kan wayarsa. Muna zama sai wani yaro ya kawo takarda wadda aka jera sunayen abinci da kuɗin kowane. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga sunan da na sani ba, na ce wa ɗan nawa ya zaɓa mini.

Jim kaɗan aka kawo faranti. Na leƙa na ce, "Af, ashe taliya ce." Yaron ya yi murmushi irin na wanda ya ga baƙauye, ya ce, "A'a, Baba, taliya ai ta gida ce. Wannan abincin Italiya ne." Na yi bisimilla na ci. In faɗi gaskiya ta yi daɗi, da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, an barbaɗa cuku bisa. Amma da aka kawo lissafi sai na ga kuɗin farantina kaɗai ya isa a sayi taliyar da za ta ƙosar da gidana duka, har da mai da yaji, a yi saura. Ɗan nawa ya biya yana fara'a, ya ce, "Baffa, ai zamani ne."

To, maganar yaron nan ita ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da na ke so in nuna muku, ku 'yan'uwana da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, shi ne mun shiga wani hali na biyan kuɗi mai yawa domin suna kawai, muna raina abin da ke hannunmu, kuma hasarar tana faɗawa kan matan unguwa da manomanmu na rani.

Bari mu fara da ita taliyar. Birnin Kano bai koyi cin alkama jiya ba. Fatake Larabawa na Gadamas da Tarabulus sun daɗe suna ƙetaro hamada da raƙuma, waɗansu suka zauna suka yi gidaje, har yau ga unguwar Dandalin Turawa nan cikin birni, gama a zamanin da Larabawa a ke kira Turawa. Bajamushen nan Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya tarad da su a Kano cikin 1851. Kalmar alkama kanta daga Larabci ta ke, haka gurasa, haka alkubus. Kakanninmu mata sun karɓi wannan hatsi suka sarrafa shi, suka yi alkaki da finkaso da dubulan, suka zauna suna murza taliya da hannu sili-sili, wadda har yanzu a ke ce mata 'yar murji. Daga baya injin hannu ya zo, aka riƙa shanya ta bisa igiya a tsakar gida. Wanda ya tashi a Kano bai ci taliya da manja da yaji ba, sai a tambaye shi inda ya yi ƙuruciya.

Su kuma mutanen Italiya fa, daga sama ta faɗo musu? Ko kusa. Akwai wani tsibiri nasu a kudu, Sisili, wanda Musulmi suka fara ci a 827, suka mallake shi wajen shekara 200. Wani malamin labarin ƙasa, Idirisi, ya rubuta a 1154 cewa a wani gari na tsibirin, Tirabiya, ana yin busasshiyar taliya da yawa ana kaiwa ƙasashe cikin jiragen ruwa. Tumatir kuwa, wanda yau ba a raba shi da girkinsu, ba ɗan ƙasarsu ba ne. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi cikin ƙarni na 16, suka daɗe suna tsoron ci, kuma ba su saba zuba miyarsa kan taliya ba sai cikin ƙarni na 19. Sa'an nan abincin nan da a ke kawo mana da yanga, a zamanin da a birnin Nafoli na talakawa ne, a bakin titi a ke sayarwa, da hannu a ke ci, kamar yadda leburanmu ke tsugunawa gaban mai garau-garau.

Har cin hantsin nan da su ke rubutawa a allon ƙofa, watau abinci guda da ke haɗa karin kumallo da na rana, Ingilishi ne suka raɗa masa suna a 1895, domin masu makara da barci ran Lahadi. Manominmu kuwa tun kaka da kakanni ya kan fita gona da asuba, da hantsi a kai masa fura ko ɗumame ya ci gindin itace. Shi ya ci nasa bayan ya yi kunya ashirin, su sun ci nasu bayan sun yi minshari. Wane ne ya koya wa wani?

Kada wani ya ce na hana cin abincin baƙi. Akwai masu cewa duk wannan abincin Nasara ne, kada a kusance shi. Su ma ban bi su ba. Gaskiya ne a can ƙasarsu akwai girkin da su ke sa naman alade ko giya, saboda haka wanda ya yi tafiya ya kamata ya tambaya kafin ya ci. Amma garin alkama da tumatir da naman sa ba su da addini. Da kakanninmu sun ƙi abin baƙi, da ba mu san gurasar Jakara ba. Abin dubawa shi ne yadda a ke karɓar abin baƙon. Mutanen Italiya da suka karɓi tumatir sai suka shuka shi a ƙasarsu, suka koyi shanya shi da dafa shi da zuba shi a gwangwani, har suka komo suna sayar wa duniya. Taliya ma suka tsare ta, har a 1967 suka kafa doka cewa busasshiyar taliyar da za a sayar a ƙasarsu sai an yi ta da wata irin alkama mai tauri. Su ma su kan sayo alkama daga waje su cika, amma aiki da suna da riba duk nasu ne. Mu kuwa suna muka aro, muka bar aikin. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ga inda abin ya ke da ciwo. Titin Zariya da ya bi ta gefen Gyadi-Gyadi, ya wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in ka miƙe shi a mota ba ka cika awa guda ba sai ga ka a Kura da Kadawa. Can ne ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya ke ratsa gonaki. In sanyin hunturu ya shigo a kan shuka alkama wajen Nuwamba, a girbe wajen Maris. Tumatir kuwa, je ka kasuwar Kwanar Gafan lokacin da ya yi yawa ka ga kwanduna jere, manomi na roƙon a saya ko nawa ne kafin ya ruɓe. An buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa cikin 2016, aka yi murna, sai tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a shekarar, masana'antar ta tsaya, daga baya ta yi ta buɗewa tana rufewa. Ga tumatir na zubewa a bakin hanya, ga mai girki a Tarauni na fasa gwangwani wanda abin cikinsa ya ƙetaro teku daga ƙasar Sin.

Alkama ma haka. Taliyar leda da ke kantuna, ko da ya ke a masana'antun Nijeriya a ke yin mafi yawanta, alkamar da a ke niƙawa kusan duka cikin jirgin ruwa ta ke zuwa, daga Amurka da Kanada da Rasha da waɗansu ƙasashen Turai. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, manoman Kano suka duƙufa, amma a 1992 aka janye hanin, ta waje ta sake cika kasuwa. Kun ga abin da wannan ya jawo. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren a 2022, kuɗin alkama ya hau a duniya. Da darajar naira ta faɗi a 2023, buhun fulawa ya sake tashi, mai burodi da mai gurasa da mai taliya kowa ya ji a jikinsa. Wanda tukunyarsa ke kan murhun wani, ran da aka janye itace sai ya kwana da yunwa.

Na san abin da za a ce mini, gama ɗan nawa ya riga ya faɗa muna hanyar komowa. Na fari, wai kuɗinsa ne, shi ya nema. Haka ne, ba wanda zai ƙwace masa. Amma kuɗi kamar ruwa ne, inda ka karkata shi nan zai jiƙa. Akwai gwauruwa a lungunsa wadda da injin taliya ta ke ciyad da marayu. In ya ce taliyarta ta ƙauyanci ce, ƙannensa suka ji suka ɗauka, wa zai saya? Ko da fulawar kanti ta yi ta, ladan aikin yana unguwa, balle in ta yi da alkamar Kura.

Na biyu, wai can ya fi tsabta. Nan kam na sallama, kuma ina so mata masu sana'a su ji da kyau. Taliyar da aka shanya a fili, ƙura na sauka, ƙuda na bi, kaji na tsattsaga, ba ta da hujjar yin fushi in an guje ta. A shanya a ɗaki mai iska, ko a rufa da mayafi mai tsabta, a wanke inji, a ƙulla a leda, a auna daidai. Masu sababbin wuraren nan sun koya mana abu uku masu kyau: sharar wuri, da rubuta kuɗi a fili ba ciniki, da wurin da magidanci zai zauna da iyalinsa ya ci abinci cikin mutunci. Sun kuma ba yaranmu aiki. Wannan duka a yaba musu.

Na uku, wai alkamarmu ba ta isa, kuma ba irin mai taurin nan ba ce. Wannan ma da gaskiya a ciki. Amma wa zai noma abin da ba a nema? Akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri wadda aka ɗora wa aikin kyautata irin alkama. Manomi ba ya ƙin sabon iri in ya tabbata akwai mai saye a bakin gona. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku masu wuraren cin abinci na Gyadi-Gyadi da Tarauni, ku ci gaba da girkinku na Italiya, ba wanda ya hana, amma ku yi shi yadda masu shi su ke yi, watau da abin da ƙasarku ta ba ku. Ku aika 'Yan Kaba a sayo ɗanyen tumatir lokacin da ya ke araha, ku dafa ku adana. Ku nemi mata biyu ko uku na unguwa ku yi alkawari da su, su riƙa kawo muku 'yar murji mai tsabta, ku sa ta cikin takardar nan da sunanta na Hausa, kusa da 'yar'uwarta ta Turai, mai ci ya zaɓa. Ku kuma hore wa yaranku kada su yi wa dattijo murmushin raini don ya kira abu da sunan da uwarsa ta koya masa.

Ku kuma da kuka sha wahala kuka koyi karatu da girma, ba don karanta wasiƙa kaɗai kuka koya ba. In kun sayi gwangwani ko leda, ku juya bayanta ku ga inda aka yi. In an miƙo muku takardar abinci, ku karanta kuɗin, ku yi lissafi da abin da kuka bari a gida na cefane, kada kunya ta sa ku ci bashi domin faranti guda. In suna ya gagare ku, ku tambaya mene ne a ciki, gama tambaya ba ta rage mutum. Da yawa za ku tarar abin da kuka sani ne aka sa wa riga.

Ni dai na gaya wa ɗan nawa zan koma wurin nan, gama girkinsu ya yi mini daɗi, kuma ni zan biya. Amma da sunan taliya zan nema, in tambayi yaron daga ina tumatirin ya fito. In mutum goma suka yi wannan tambaya cikin mako guda, lalle maganar za ta kai kunnen maigidansa. Allah ya sa mu san darajar abin da ya ba mu, ya yi wa noma da sana'a albarka, amin.