Dogon da ya tsaya a Ƙaura, da aikin da ke jiran masu kyamara

A 'yan shekarun nan wani nau'in bidiyo ya samu karɓuwa a YouTube da TikTok: matashi ya yanki tikiti, ya zauna kusa da taga, ya kafa wayarsa, jirgin ƙasa ya yi ta keta gonaki da garuruwa har ya dire shi inda zai hangi teku. Tun da aka buɗe sabon layin Ibadan zuwa Legas a watan Yunin 2021, mai tsawon kilomita 157, irin wannan yawon buɗe ido ya zo kusa da 'yan Najeriya. A Satumbar 2023 kuma jirgin cikin garin Legas ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2, yana ratsawa ta saman ruwa. Ana kallon waɗannan hotuna a Talata Mafara da Bakura da Maradun kamar yadda ake kallonsu a ko'ina. Bambancin kawai shi ne, babu ɗaya daga cikin garuruwan nan uku da jirgin ƙasa ya taɓa shiga.

Ɗaukar jirgi a hoto mai motsi ya girmi duk mai yin sa a yau. A 1895 wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka kafa na'urarsu a tashar La Ciotat, wani gari a gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa, suka ɗauki isowar jirgi. Fim ɗin bai cika minti ɗaya ba, kuma don nishaɗi da neman kuɗi aka yi shi. Yau ya zama shaida: yana nuna kan jirgin wancan zamani, da fasalin tashar, da suturar fasinjoji. Abin da aka ɗauka ya tsira, abin da ba a ɗauka ba ya koma "an ce".

Zamfara na da nata dogon, kuma alaƙarsa da teku tsohuwa ce. Jirgi ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe layin har Ikko. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Turawan mulki ba su shimfiɗa shi don Bazamfare ya je kallon igiyar ruwa ba. Auduga da gyaɗa da fatu ake lodawa a tarago, a kai su tashar jiragen ruwa ta Apapa, su wuce Ingila. Daga Gusau dogon ya yi arewa, ya tsaya a Ƙaura, bai ƙarasa Sakkwato ba. Mafara, wadda ke kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ta zama mai kai kaya bakin dogo, da jakuna da raƙuma, daga baya da motoci. Gusau kuwa ta bunƙasa da kamfanonin sayen amfanin gona da baƙi 'yan kasuwa, har ta zama babban birnin jiha a 1996. Inda aka ajiye ƙarfe a wancan lokaci ya taimaka wajen tantance garin da zai girma da wanda zai jira.

Yau sabbin layuka suna bi ta wasu wurare. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa Jigawa da Katsina. Tsohon reshen Ƙaura kuwa an sha yi masa alkawarin gyara, amma ba shi da jirgin fasinjan da ɗan kasuwa zai dogara da lokacinsa. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta sha kokawa kan yadda ɓarayi ke kwance ƙarafunan dogo a sassan ƙasar, suna sayar wa 'yan gwangwan. Tsofaffin ma'aikatan da suka san jadawalin jirgi da sunan kowace ƙaramar tasha suna ta raguwa. Ƙarfen da aka narkar da dattijon da aka binne, babu kyamarar da za ta dawo da su. Saboda haka matashin Zamfara mai sha'awar ɗaukar jirgi yana da aikin da ya fi zuwa Legas gaggawa, kuma a ƙofar gidansa yake.

Idan ma babban ruwa ake son gani, yankin na da shi. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an gina ta ne don ta riƙe ruwa mai yawan mita miliyan 450 a ma'aunin ciki, kuma ita ke shayar da gonakin rani na Mafara da Bakura da Maradun. Wanda ya ga faɗuwar rana a kan tafkin, da kwale-kwalen masunta suna komawa gaɓa, ba zai raina shi ba. Amma kyawun yana ɗauke da tarihi mai nauyi. A Afrilun 1980 manoman da aikin ya raba da gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne, kuma har yau alƙaluman ba su daidaita ba. Inda shaida ta yi ƙaranci, maganar mai ƙarfi ce ke shiga takarda. Waɗanda suka ga abin da idonsu suna matasa yanzu sun haura sittin.

Mai ja da wannan ra'ayi zai kawo batun tsaro, kuma yana da gaskiya. An sace ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021, an kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan shekarar, a Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar. Harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya nuna cewa taragon ma ba mafaka ba ne. Babu mai hankalin da zai ce wa yaro ya bi dogo cikin daji da waya a hannu, a wurin da ɗaukar hoto kan sa a zargi mutum da leƙen asiri. Sai dai tashoshin Gusau da Ƙaura a cikin gari suke. Tsohon direban jirgi a zaurensa yake zaune. Hotunan da ke ƙasan adakar iyalai ba sa bukatar rakiyar soja. Abin da ake bukata shi ne izinin hukumar jiragen ƙasa, da sanin masu unguwa da hakimai, da yardar wanda za a ɗauka.

Akwai abin koyi a Legas ɗin kanta. A harabar dogo ta Ebute Metta, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gida, Jaekel House, ta mai da shi wurin adana hotuna da kayan aikin jirgi. Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da kwalejin tarayya ta Ƙauran Namoda, da Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya yin kwatankwacin haka da kuɗi kaɗan: a ba ɗalibai aikin ɗaukar tasha ɗaya ko hira da dattijo ɗaya, a rubuta rana da wuri da sunan mai magana, a ajiye kwafi a ɗakin karatu, a aika wani Gidan Arewa a Kaduna.

Amfanin wannan bai tsaya ga tarihi ba. Ranar da aka ce an kashe kuɗi an gyara dogon Ƙaura, ko an yashe magudanun Bakolori, bidiyo mai kwanan wata ne zai gaskata ko ya ƙaryata. Zuwa bakin teku a jirgi ba laifi ba ne, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma tekun yana nan ba ya zuwa ko'ina, kuma masu ɗaukar sa sun yi yawa. Tashar Ƙaura da dattawan Bakolori ne ba za su jira ba.