Ɗan Uwa A Ingila: Tsakanin Mashaya Da Kaɗaici

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, jiragen sama kan kwashi dubban matasa daga Legas da Abuja zuwa Birtaniya da sunan neman ilimi. A shekarar karatu ta 2022/23 kaɗai, ɗaliban Nijeriya da ke jami'o'in ƙasar sun haura 72,000, ban da waɗanda suka tafi aikin jinya da kula da tsofaffi. A cikinsu akwai 'yan uwa Musulmi, wasu da kuɗin iyaye, wasu da tallafin PTDF ko na gwamnatocin jihohi. Nasihar da akan sallame su da ita a gida ba ta cika wuce jimla biyu ba: a riƙe salla, kada a kusanci giya. Nasiha ce mai kyau, sai dai ta yi gajarta, domin ta faɗa wa yaro inda ba zai je ba, ta yi shiru a kan inda zai zauna bayan an tashi daga aji.

A wurin mutumin Ingila, mashaya ba wani ɓoyayyen lungu ba ne da ake shiga ana waige-waige. Ita ce majalisarsa, ita ce zaurensa, ita ce teburin mai shayinsa. A can ake murnar haihuwa, a can akan taru bayan an binne gawa, a can ake kallon ƙwallo, a can ake sallamar abokin aiki, a can kuma malamin jami'a kan ja ɗalibansa bayan lacca don a ƙarasa muhawarar da aka faro a aji. Bature bai cika gayyatar baƙo gidansa ba, ana iya shekara ana aiki tare ba a san ƙofarsa ba. In ya ce wa mutum a je a kurɓa bayan an tashi, to a al'adarsa hannun zumunci ya miƙa. Ko da yake mashayun sun ragu daga kimanin 60,000 a shekarar 2000 zuwa wajen 45,000, har yau da wuya a sami unguwar da babu ita.

Akwai kuma wata al'ada a cikin mashayar da ke mayar da mai sha kaɗan ya zama mai sha da yawa, wato zagaye. In mutum shida suka zauna, ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in an shanye wani ya tashi, haka har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin nasa ya zo, ya yi abin kunya, za a daɗe ana yi da shi. Kofin da suke sha da shi, wanda suke kira fayint, ya ɗara rabin lita. Su kuwa manyan likitocin gwamnatinsu sun ba da shawara a 2016 cewa kada namiji ko mace ya wuce awo 14 na barasa a mako, kimanin kofi shida ke nan na giya mai matsakaicin ƙarfi. Ashe a zama ɗaya na abokai shida, kowannensu ya shanye rabon mako guda, ba don ƙishi ba, sai don kada a ce ya yi rowa.

Sabon ɗalibi kuwa tun makon farko yake karo da abin. Makon tarbar sababbin ɗalibai, wanda a cikinsa ake ƙulla abotar da za ta kai mutum ƙarshen karatu, akasarin shagulgulansa na dare ne, daga wannan mashaya zuwa waccan. Wasu ƙungiyoyin wasanni da na ɗalibai har da bikin shigar da sabo, inda ake ɗura wa yaro barasa don a ga jarumtarsa. A watan Disamba na 2016 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Jami'ar Niyukasil ya rasa ransa bayan irin wannan biki, kuma binciken da aka yi a 2018 ya ji shaida cewa a mashaya guda an yi odar kofi 100 na bodka, kowane kofi awo uku. Wannan ita ce wayewar da wasu ke ganin wanda bai taɓa ta ba bagidaje ne. Alƙaluman hukumar ƙididdigarsu sun nuna mutum 10,473 ne giya ta kashe kai tsaye a Birtaniya a 2023, alhali a 2019 adadin 7,565 ne. Mafi yawansu ciwon hanta ne, kuma ba a sa waɗanda suka mutu a haɗarin mota ko faɗan maye a cikin lissafin ba.

Su kansu sun san ciwon da ke damunsu, sun daɗe suna fama. A 1751 sai da majalisarsu ta yi doka don taka wa arhar barasa burki a Landan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta rage sa'o'in buɗe mashaya, ta ma ƙwace mashayun garin Carlisle a 1916 saboda ma'aikatan ƙera makamai na kwana cikin maye. A 2005 aka sake sakin linzami, a 2018 kuma yankin Sikotland ya ƙayyade farashin da ba a sayar da barasa ƙasa da shi. A ɗaure, a kwance, a sake ɗaurewa. Wannan dai gwamnati ce da a zamanin mulkin mallaka harajin barasa ya kasance ginshiƙin kuɗin shigarta a Kudancin Nijeriya, tana hana shigar da ita Arewa.

To, ɗan uwan da ya sauka a irin wannan ƙasa, ramuka biyu ne a gabansa. Na farko kowa ya san shi: ya bi ayari yana cewa ai lemo kawai zai sha. Malamai sun yi bayani a kan hanin da ya zo a hadisi game da zama a teburin da ake zagaya giya, kuma hikimar a fili take, domin yau da gobe ba ta bar komai ba. Wanda ya saba da warin abu da hirar masu yin sa, ƙyamar da ya zo da ita daga gida takan dushe tun kafin ya kai kofi baki.

Rami na biyu shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, har ma akan ɗauke shi taƙawa. Yaro ya ƙi mashaya, ya ƙi kowa, daga aji sai ɗaki. Wanda ya tashi a gidan da ba a rasa mutum goma a tsakar gida, ya saba da sahun salla sau biyar da hira a ƙofar gida bayan isha'i, sai ga shi a ɗaki ɗaya mai faɗin shago, a ƙasar da a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, sanyi na ratsa ƙashi, kwana uku ba wanda ya ce masa sannu. Iyaye a gida na alfahari ɗansu kamili ne ba ya fita. Ba su san wayar da ke hannunsa ta zame masa mashaya ba: ga caca, ga batsa, ga masu farautar matasa ta intanet da sunan addini. Baƙin ciki ya yi sallama, salla ta fara zama ramako, karatu ya fara tangal-tangal. Sau da yawa irin wannan ne bayan wata shida akan tsinta a rami na farko, kuma abin da ya kai shi ba son giya ba ne, neman wanda zai kira sunansa ne. Mai mashaya zumunci yake sayarwa, giyar kuɗin shiga ce.

Duk wanda ya karanta sira ya san yankakken hukuncin haramta giya bai sauka a Makka ba. A Madina ya sauka, bayan an gina masallaci, bayan Manzon Allah (S) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, bayan baƙon da ya baro gida ya sami ɗan uwan da zai raba abinci da shi. Da hukuncin ya zo, aka tuntsurar da tuluna a kan hanya ba tare da ɗan sanda ba. Mutanen da suka zubar da giya a ranar suna da majalisar da ta fi wadda suka bari.

Hatta Turawan da suka yaƙi giya a ƙasarsu sun gano haka. A 1832 wani mai suna Joseph Livesey da abokansa shida a garin Preston suka yi alkawarin barin sha, ƙungiyar ta bazu, amma ba su tsaya a wa'azi ba. Sun buɗe gidajen shayi da gahawa, da masaukai marasa giya, da ɗakunan karatu. Thomas Cook, wanda sunansa ya zama na kamfanin yawon buɗe ido, farkon tafiyar da ya shirya a 1841 ta kwasar mutum kimanin 500 ce a jirgin ƙasa daga Lesta zuwa taron masu ƙin giya. Masu bibiyar ƙwallo kuma su sani cewa Aston Villa a 1874 da Everton a 1878 daga matasan coci suka samo asali.

Misalin da ya fi kusa da ɗan uwa shi ne na Abdullahi Quilliam, lauya ɗan Libaful. Tun yana yaro yake cikin masu yaƙi da giya, ya musulunta a 1887 bayan ya ziyarci Maroko, kuma a zauren masu ƙin giya ya fara kiran mutane zuwa ga Musulunci, domin ya ga su ne suka fi kusa da fahimta. A 1889 ya buɗe masallaci a Brougham Terrace, ya haɗa masa da makaranta, da darussan dare, da gidan marayu, da jaridar mako-mako, yana kuma ciyar da yaran talakawan garin ranar Kirsimeti. An jefe su da duwatsu, amma ɗaruruwan Turawa sun musulunta a hannunsa. Shi ne ya zo Legas a 1894 a madadin Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya wajen buɗe Masallacin Shitta-Bey. Sai dai da ya bar Ingila a 1908 jama'ar ta watse, domin a kan mutum ɗaya aka jingina komai. An sake buɗe masallacin a 2014.

Ɗan uwan da ya je yau ya fi Quilliam gata nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2021 ta sami Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales. Da wuya a sami jami'ar da babu ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kuma tarayyarsu, FOSIS, tana nan tun 1963. Buɗe-bakin jama'a da wani ɗalibi ya faro a tanti a Landan a 2013 ya bunƙasa har ana yin sa a filin wasa na Wembley. Akwai ƙwallon mutum biyar-biyar da ake kama fili da dare, akwai ƙungiyoyin hawan duwatsu, akwai gudun kilomita 5 na parkrun kowace Asabar da safe, kyauta, akwai aikin sa-kai a rumbunan raba wa mabuƙata abinci. A titin Wilmslow na Manchesta da unguwannin Musulmi na Bamingam, shagunan shayi da kayan zaƙi kan kai tsakar dare a buɗe. Sai dai a yi hattara da gidajen shisha, waɗanda wasunsu mashaya ce da aka cire wa kwalba kawai.

Kuskure ne kuma a ɗauka kowane Bature mashayi ne. Wani bincike na Jami'ar UCL ya nuna matasan Ingila 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa sha sun ƙaru daga kashi 18 cikin ɗari a 2005 zuwa kashi 29 a 2015. Da yawansu su ma takure suke, suna jiran wanda zai kawo wata shawara. Ɗan uwan da zai ce wa 'yan ajinsu a haɗu a ci abincin rana, ko ya dafa dafa-duka da yaji ya kira su ɗakin girkin masaukinsu, zai sha mamakin yawan waɗanda za su amsa. Ya faɗi matsayinsa sau ɗaya, a sarari, ba kame-kame, ba ƙaryar ciwon ciki, ba kuma wa'azin da ba a tambaye shi ba. A 2012 Yaya Toure ya ƙi karɓar kwalbar shamfen ta gwarzon wasa a gaban kyamara, ya ce shi Musulmi ne. Daga baya gasar ta koma ba da ƙaramin kofi.

Ba za a ɓoye ba, akwai farashi. A wasu ma'aikatu, a mashaya ake sanin juna, a can ake jin labarin gurbin da za a buɗe, kuma wanda ba ya zuwa yakan rasa wani abu. Wannan asara ce ta gaske, gwamma a faɗa wa yaro tun a gida ya shirya mata, ya rama da ƙwazon aiki da kyautata mu'amala da rana.

Nauyi na farko yana kan 'yan uwan da suka riga zuwa. Abin kunya ne a ce sabon zuwa ya yi mako biyu a gari, mai raba takardar gayyatar mashaya ya same shi tun ranar farko, su kuwa sai sun gan shi a sahun Juma'a. A tarbe shi a tasha, a ci abinci da shi a darensa na farko, a tsayar da rana ɗaya a mako ta haɗuwa wadda ba ta dogara da mutum ɗaya ba, kuma kada ta zama karatu zalla, a bar wa hira da dariya wurinsu. Malamai da iyaye a nan gida kuma, kafin a kai yaro filin jirgi, a nema masa sunan masallacin da ya fi kusa da masaukinsa da lambar wani ɗan uwa a garin. In an kira shi a waya, bayan an tambaye shi salla, a tambaye shi da wa ya ci abinci jiya.