GANI GA WANE YA ISHI WANE TSORON ALLAH

Ya ku 'yan'uwa na rassan Madawa, Buza da Keita: Ga labarin Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, ku karanta wa jama'a.

Ingilishi sun daɗe suna mulkin mutanen nan, har harshensu ya kama hanyar mutuwa. A 1884 suka kafa ƙungiyar wasanninsu na gargajiya, a 1893 suka kafa ta raya harshensu. A 1916 suka yi tawaye a birnin Dublin. Cikin kwana 6 aka murƙushe su, aka kashe shugabanni 16. Amma waƙa da littafi suka hana a manta da su, har a 1922 mafi yawan tsibirin ya sami mulkin kai.

Mu ma mun san wannan hanya. Ran 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta Djibo Bakary ta ce wa Faransa a'a. Aka kayar da ita, a 1959 aka haramta ta. Amma ɗan Sawaba ne, Abdoulaye Mamani, ya fitar da littafin Sarauniya a 1980, labarin matar da ta tari sojan Voulet a Lugu a 1899. A 1986 aka mai da shi fim. Abin da aka rasa a akwatin ƙuri'a, alƙalami ya riƙe shi.

To, ga gargaɗi. Tsarin mulkin Ailan na 1937 ya sa harshensu gaba da Ingilishi. Duk da haka ƙidayar 2022 ta sami mutum kamar dubu 72 kaɗai masu magana da shi kullum in an fita lakwal, cikin mutum fiye da miliyan 5. Mu kuwa a Maris 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Bakinmu bai saki Hausa ba, amma hannunmu fa? Shi kansa Mamani da Faransanci ya yi rubutu. Doka ba ta koya wa yaro baƙi.

Saboda haka kowane reshe ya buɗe karatun dare. A zauna da tsofaffi a rubuta abin da suka ji game da aikin tilas, wanda aka soke a 1946, kafin ƙasa ta rufe su. Abzinawa da Fulanin da muke cin kasuwa tare su rubuta nasu da harshensu, mu taya su.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.